Littafin Motsi: Abin da Masu Ciki Suke Faɗa Mini Ranar Awo

Talata, 12 ga Nuwamba, 2024

Yau na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin a shagon bakin tasha, na rubuta "Motsi" a bangonsa. Incaji, shugaban asibitinmu, ya leƙo ya tarar ina ja masa layi, ya ce wace rajista kuma aka sake ƙaro mana. Na ce wannan ba daga Dutse ta zo ba, tawa ce.

Shekarata bakwai ina yi wa mata awo a wannan ɗan asibitin ƙauye da ke tsakanin Ringim da Jahun. Duk macen da ta hau gado tambayata ɗaya ce: "Yana motsi?" Amsar ma ɗaya ce: "Yana yi." In saka alama a kati, in kira ta gaba. Sai a watan jiya na gane ashe gaisuwa nake yi, ba tambaya ba. Ka ce wa mutum ina gajiya, ko layi yake yi don wahala ba gajiya zai ce maka.

Wata mata ce mai haihuwa biyar, cikinta ya shiga wata tara. Ta zo ranar Talata, na yi mata tambayar, ta ce, "Yana dunƙulewa dai, Malama." Na rubuta yana motsi. Na kara ƙahon da muke sauraron ɗan ciki da shi a cikinta na ji bugun zuciya, na sallame ta. Ranar Asabar da dare aka kawo ta a amalanke tana naƙuda. Ɗan ya zo babu rai, fatarsa har ta fara saɓulewa. Da na je yi mata sannu sai take ce min ai tun kafin awon nan ya daina shurinta, cikin ne kawai yake ɗaurewa ya saki. Rai na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ba mai ƙara masa. Amma "dai" ɗin nan da ta maƙala a ƙarshen maganarta ta hana ni barci. Ita ta faɗa, ni ce ban ji ba.

Abin da na ƙudura shi ne daga yau zuwa bazara in riƙa rubuta maganar kowace mace yadda ta fito daga bakinta, ba yadda aka koya mana a makaranta ba. A gefe in saka satin cikin, yawan haihuwarta, da lokacin da ta fi jin motsin. Ba suna, lamba kawai. In littafin ya cika sai in duba ko zan iya fitar da tambayar da ba a amsa ta da "lafiya lau".

Talata, 19 ga Nuwamba

Na canza tambaya. Yanzu cewa nake, "Ran da kika fara jin sa, kamar me kika ji?" Da farko dariya suke yi, su rufe baki da gefen hijabi. Amma da ɗaya ta ɓalle sai benci ya ɗauka, har masu jiran riga-kafi suka sa baki.

Wata ta ce kamar tsutsa tana mutsu-mutsu a ƙasan cibiya. Wata ta ce kamar ƙugin ciki in an ci wake, kina ta jiran iska ta fita, ba ta fita. Mai kokon unguwar gabas ta ce kamar ruwa in ya fara tafasa, ɓul, ɓul, ɗaya-ɗaya kafin ya haɗe. Wadda ta fi burge ni matar wani masunci ce daga bakin kogi. Ta ce ki kama ɗan tarwaɗa ki rufe shi a tafin hannu, yadda yake zillo ɗin nan, to haka. Kowa da abin da hannunta ya saba taɓawa take kwatanta shi. Littafin da muka karanta a makaranta da fuka-fukin malam-buɗe-littafi ya kwatanta. Yau mata goma sha huɗu na gani, ba wadda ta ambaci malam-buɗe-littafi.

Mai cikin fari takan fara ji tsakanin sati 18 da 20, wadda ta saba haihuwa kuma tun wajen sati 16. Ba ɗanta ne ya fi sauri ba, ita ce ta san abin, ba ta ɗauke shi iska. In ciki ya kai sati 24 ba a ji komai ba, wannan sai an duba.

Lamba 9 amarya ce, ba za ta wuce sha bakwai ba, tare da uwar mijinta suka zo. Ganin jininta na ƙarshe sati ɗaya bayan Babbar Sallah, ke nan cikin yana sati 21. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai tana juya zoben hannunta. Uwar mijin ce ta amsa: "Yana yi mana, lafiya lau." Na bar gurbinta a littafin ba komai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na je gaida Iya ungozoma. Rabin garin nan ita ta yanke musu cibiya. Na same ta a tsakar gida da jikoki suna ɓare zoɓo, hannu duk ya rine ja. Na zauna na taya su, don Iya ba a yi mata tambaya a tsaye.

Ta ce, "'Yar nan, motsi ai hawa-hawa ne." A wajenta akwai wutsil-wutsil na wata huɗu zuwa biyar, wanda uwa kaɗai ke ji. Sai shuri da naushi in ya shiga wata shida, wanda har na kusa zai ga zani yana ɗagawa. Sai juyi, kamar mutum yana gyara kwanciya a tabarma. Sai miƙa a watannin ƙarshe: ya tokare haƙarƙari da ƙafa, ya danne mara da kai, uwa ta rasa inda za ta ajiye numfashi, fitsari kuwa kamar ta shanye randa. Ban karanta littafin da ya tsara shi da kyau haka ba.

Ta ce motsin fari shi ne shigar rai. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud take nufi, wanda 'yan Islamiyya ke haddacewa: kwana arba'in sau uku, kwana 120 ke nan, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Na yi ta lissafi a hanyar gida. Kwana 120 daga shigar ciki ya kama wajen sati 19 a ƙirgarmu ta asibiti, da yake mu daga jinin ƙarshe muke farawa. Daidai lokacin da yawancin masu cikin fari suke fara ji. Na'urar hoton ciki kuwa tana ganin ɗan tayi yana motsawa tun wajen sati 8, uwa ce ba ta ji, don a lokacin bai fi ƙwayar wake ba, ga shi cikin ruwa. Wannan ban faɗa wa Iya ba, ba ranarsa ba ce.

Ta kawo maganar namiji yana kwanciya a dama, mace a hagu. Na ce, "Iya, sau nawa kika canka daidai?" Ta ce, "Rabi na ci, rabi Allah ya nuna min ikonsa." Ko na jefa kwabo sama abin da zan samu ke nan, amma na yi shiru.

Inda muka saɓa wuri ɗaya ne, kuma shi ne babba. Iya ta ce in haihuwa ta matso ɗa yakan yi lamo, yana tara ƙarfin fitowa. Kowa a garin nan haka yake faɗa, har wasu cikinmu masu farar riga. Ba haka ba ne. Motsi yana ƙaruwa har wajen sati 32, daga nan ya tsaya a haka, ba ya raguwa, har cikin naƙuda ɗa yana motsi. Abin da ke canzawa salo ne: wuri ya matse, shuri ya koma turi da miƙa.

Iya ta ce, "To ai shi ne na ce miki miƙa."

Na ce, "Iya, miƙa daban, shiru daban."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in miƙo mata faifan can.

Talata, 10 ga Disamba

Lamba 9 ta dawo, wannan karon da kakarta ta wajen uwa. Sai ka ce ba ita ba. Tun daga ƙofa tsohuwar take tsokanarta: "Kishiyata, faɗa wa Malama mana, mijin nawa da kika ɓoye a ciki yana barinki ki yi barci?" Yarinyar ta kai mata dukan wasa, sannan ta ce a hankali, "Da asuba yake yi. Ana kiran assalatu yake farawa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ciki." Na cike gurbin da na bari.

Ni ma 'yar ƙauye ce, bai kamata a ce sai yanzu na tuna ba. Mai cikin fari ba ta zancen cikinta gaban mahaifiyarta, balle uwar miji. Ko "ɗana" ba ta cewa, sai "abin", ko "shi", ko "baƙon". Kaka ce kaɗai kunya ba ta shiga tsakaninsu. Daga yau in amarya ta zo da uwar miji, zan ba Hajiya kujera a inuwar darbejiya cikin girmamawa, in ce sai na kira ta. In kaka ce, ta shigo har bakin gado.

Lamba 21, haihuwa uku, sati 25, ta ce wannan cikin malalaci ne, kamar ta bayan katifa take jin sa. Hoton da ta yi a Ringim ya nuna mabiyiya a gaban mahaifa ta kafu, tsakanin ɗan da fatar ciki, ita ce katifar. Ba cuta ba ce. Na dai ja mata kunne kada ta fake da wannan: ko ta bayan katifa ne, ta san yadda ya saba yi.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hunturu ya hana mata fitowa sai rana ta ɗaga. Na zo da dabara: na ƙulla wake ƙwaya goma-goma a ƙyalle, na raba wa masu wata bakwai zuwa sama, su takwas. Duk motsi ɗaya ta cire ƙwaya ɗaya ta mayar ɗaya gefen zani. In ba su ƙare ba daga asuba zuwa magariba, ta taho. Ni a ganina na yi basira.

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Wake ya watse. Biyu sun ce kaji sun tsince. Ɗaya ta zuba nata a tukunyar garau-garau. Wata kuma kishiyarta ce ta ga ƙullin a gefen zani ta fara tambayar wane malami ya ba ta, har magana ta kai gaban maigida, sai da na aika aka yi bayani. Wata ta gama goma kafin ta shafa addu'ar asuba, ashe shaƙuwar ɗan ta ƙirga. Ɗan ciki yana shaƙuwa, tsit, tsit, a wuri guda da tazara ɗaya, ba laifi ba ne, amma ba a saka ta a lissafin motsi. Wadda ta fi ba ni kunya cewa ta yi, "Malama, ina surfe, ina ɗiban ruwa, ga yara, yaushe zan tsaya kwance ƙulli?" Gaskiyarta.

Ƙirga goman nan ba ni na ƙirƙiro ta ba, daga Kadif ta Birtaniya ta fito a 1976, da takarda da biro suke yi. Na koma na duba takardun horonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na awo na 2016, waɗanda suka mai da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu, ba ta ce a sa kowace mace ƙirga kullum ba, sai dai a cikin bincike. Abin da ta ce shi ne ma'aikaci ya riƙa tambayar motsi a awo, wadda ta ji ya ragu a duba ta. An ma yi wani babban gwaji a Birtaniya da Ailan da ya shafi ciki sama da 400,000, aka fitar da sakamakonsa a 2018: an wayar wa mata kai a kan motsi, an tsara yadda za a duba su da gaggawa, amma ba a ga haihuwar 'ya'ya babu rai ta ragu a fili ba, sai tayar da naƙuda da tiyata da suka ƙaru. Wannan ya sanyaya min gwiwa kwana biyu. Daga baya na ce can mace tana jin sauyi da ma asibiti take nufa, gwajin ƙari ne a kan abin da ake yi. Mu a nan mace takan kwana uku ba ta ji komai ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Kuma a ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2020, jarirai kusan miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara, Najeriya tana cikin ƙasashe ukun da suka fi yawa, tare da Indiya da Pakistan.

Wadda ta fi kwanta min ita ce hanyar wasu ungozomomin Suwidin: daga sati 28 mace ta kwanta a gefenta minti 15 kullum, lokacin da ɗan yake farke, ta saurari irin motsin da ƙarfinsa, ba ƙirga. Minti 15 ɗin ne ba mu da agogonsa. Amma muna da sallah biyar. Tambayata yanzu biyu ce: "Bayan wace sallah ya fi yi?" da "Jiya da yau ya yi yadda ya saba?" Yawanci bayan lisha suke cewa, in sun ajiye haƙarƙari. Da rana muciya da taɓarya suna ɓoye shi. Wata ta ce nata sai yayansa ya hau cinyarta yake shuri, tun daga ciki sun fara 'yar tsama.

Laraba, 29 ga Janairu

Kalmar da ta fi ba ni tsoro a littafin nan yanzu ita ce "ya kwanta". Sau huɗu ta fito, kuma kowace da abin da take nufi.

Ɗaya barci take nufi. Wannan gaskiya ne, ɗan ciki yana barci, minti 20 zuwa 40 a lokaci guda, da wuya ya wuce minti 90. Saboda haka shirun da ya ɗauko daga azahar har magariba ba barci ba ne.

Sauran ukun kwantaccen ciki suke nufi, wanda kowa ya taso ya ji labarinsa: ciki ya kai wata huɗu ko biyar, ya daina girma, ya daina motsi, a ce ya kwanta, a nemi rubutu da saiwoyi a tashe shi, wani a ce sai bayan shekara biyu ya tashi. A fiƙihun Malikiyya an ambaci ciki zai iya kai shekara huɗu ko biyar, kuma malamai a babin idda da nasaba suke kawo shi, ya rufa wa mata da yawa asiri. Wannan ba hurumina ba ne, ba kuma zan hau benci in yi musu da shi ba. Hurumina abin da hannuna ya taɓa. Jiya wata mai shekara wajen talatin da biyar ta zo da ciwon mara da ɗan zazzaɓi, ta ce cikinta ya kwanta tun watan Mauludi, tana ta shan magani. Na auna da tef, bai kai cibiya ba. Na kara ƙaho ko'ina, shiru. Na rubuta mata takardar hoto. A irin wannan abubuwa da yawa ake samu: wani ɗan ne ya rasu bai fita ba, wani ƙari ne a mahaifa, wani da ma ba ciki, jini ne ya ɗauke. Na farkon in ya daɗe yana iya jawo ruɓa, ko jinin mace ya ƙi daskarewa ran da zai fita.

Ban ce mata cikinki bai kwanta ba. Cewa na yi, "Yaya, mu je a ga yadda ya kwanta." Da wannan ta yarda. Mijin ma da wannan ya yarda ya ba da kuɗin mota.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na koma kan "dunƙulewa", kalmar da ta jawo littafin. Na gano mata suna faɗarta a abu biyu. Akwai ɗa ya curo gwiwa ko ɗuwawu waje guda, gefe ɗaya ya yi tudu ɗaya ya lotsa. Akwai kuma mahaifa ta ɗaure gaba ɗaya, ciki ya yi tauri kamar ƙwarya, ya saki, wanda ke yawaita a watannin ƙarshe. Na biyun ba ɗa ne ke yi ba, ko ɗan da ya rasu mahaifa tana iya ɗaurewa a kansa. Yanzu hannun mace nake kamawa in ɗora a cikinta in ce, "Duka ya yi tauri, ko gefe ɗaya?" Da hannu sun fi ganewa.

Iya ta zo yau da kanta ta zauna a benci. Da wata ta ce nata ya yi lamo don watanta ya tsaya, kafin in buɗe baki Iya ta ce, "Ke, miƙa daban, shiru daban." Ko kallona ba ta yi ba. Na sunkuya ina gyara tef.

Saura maza. Mace za ta ji sauyi da dare, amma ba ita ke da izinin fita ko kuɗin babur ba. Incaji ya yi wa liman da mai unguwa bayani, liman ya yi alkawarin faɗa bayan sallar Juma'a. Saƙon gajere muka yi: in iyali ta ce motsi ya ragu, ko ya canza, ko ya tsaya, a kawo ta a ranar, kada a jira wayewar gari, kada a tsaya gwajin ruwan sanyi ko shayi mai sukari. Dalilin ma mun faɗa: in mabiyiya ta gaza kai wa ɗa abinci da iska, saboda hawan jini ko zazzaɓin sauro ko ƙarancin jini, abin da yake fara yi shi ne rage motsi don ya tattala ƙarfinsa. Zuciya ita ce ta ƙarshen tsayawa. Shi ya sa ƙahon da nake alfahari da shi, wanda likitan Faransa Adolphe Pinard ya ƙirƙiro tun 1895, ya ce min lafiya a watan Oktoba alhali uwar ta riga shi sani.

Litinin, 10 ga Maris, 10 ga Ramadan

Tun shigowar azumi mata uku suka zo a kan motsi ya ragu, biyu cikin dare. Duka ukun lafiya, bugun zuciya tsakanin 110 da 160 a minti yadda ake so, ɗaya ma tana hawa gado ya shuri ƙahon daga kunnena. Incaji ya fara ƙorafin na hana shi barci bayan asham. Na ce masa ai da ma haka abin yake, kusan bakwai cikin goma na waɗanda suka ji raguwar sau ɗaya lafiya suke sauka. Ba wadda zan yi wa faɗa don ta zo a banza, in na yi wa ɗaya gobe goma ba za su zo ba. Masu wahala da ƙishi kuma na tuna musu rangwamen da addini ya yi wa mai ciki, ta sha ta rama, su tambayi malamansu.

Yau da hantsi sai ga babur, ƙanin uwa yana tuƙi, Lamba 9 a tsakiya, kaka a baya ta riƙe ta. Tun watan jiya take gidansu goyon ciki, a ƙauyen da ke bayan fadama. Sati 37. Tsohuwar ba ta yi tsokana ba yau. Ta ce, "Malama, mijin nawa jiya da kyar ya ƙwanƙwasa ƙofar, yau kuwa har aka idar da sallah bai taɓa ba. Na ce ba ma jira."

Zuciya tana bugawa. Da a bara ne da nan zan tsaya. Na ɗaura mata awon jini, ya hau sosai, 160 bisa 110. Ƙafa ta kumbura har zoben yatsa ya nutse, ta ce kanta yana sarawa tun shekaranjiya, ta ɗauka azumi ne. Gwajin fitsari ya nuna furotin. Wannan hanyar jijjiga ce. Incaji ya yi mata allurar farko ta hana jijjiga, muka kira mai mota, na rubuta takarda zuwa Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aiki a sashen haihuwa tun 2008. A takardar na rubuta abin da kaka ta faɗa da Hausarsa.

Sai bayan an sha ruwa ƙanin uwar ya bugo. An yi mata aiki, an ciro mace, ƙarama ce amma ta yi kuka, uwar tana kwance ana lura da jininta. Na ji muryar tsohuwar daga nesa tana cewa an cuce ta, miji take jira aka ƙaro mata kishiya.

Talata, 25 ga Maris

Lamba 9 ta dawo gida, an yi suna, jinin ya sauka, na ce a kawo ta in sake aunawa bayan Sallah. A shafinta na lura duk motsin da ta taɓa kwatanta min a dama yake. Zan kai wa Iya labari.

Wancan satin kuma an kawo wata daga rugar da ke arewa da mu, cikin wata takwas, ba bugun zuciya. Ba ta jin Hausa sosai, mijin ne ke fassara, shi kuma duk abin da na tambaya sai ya ce ta ce ba komai. Sau biyu ta zo awo a baya. Na duba littafin, a gurbinta "yana yi" kawai na rubuta, duka biyun. Duk kalmomin da na tara, tarwaɗa da tafasa da ƙwanƙwasa ƙofa, na masu Hausa ne. Na Fillanci ko ɗaya ba ni da ita.

Na yi magana da wata mai tallan nono da ke zama a gindin darbejiyar asibiti, tana jin harsunan biyu, haihuwarta bakwai. Ta yarda ta riƙa shigowa ranar Talata in ta sayar, in matar ta amince, ba tare da miji a ɗakin ba. Abin da zan fara tambayarta shi ne yadda suke rarrabe ɗaurewar ciki da motsin ɗa, sai shaƙuwa, sai kuma ko su ma suna cewa ya kwanta. Ina so a gama wannan kafin damina ta yanke hanyar fadama.

Littafin saura shafi shida. Na ba direban da ke zuwa kasuwar Gujungu kuɗi ya taho min da guda biyu.